Kundin aiki: motsa jikin safe ga yara masu larurar ADHD a firamare

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

An buɗe wannan kundi domin bin diddigin shirin motsa jiki na safe da aka tsara wa yara 12, maza 9 da mata 3, 'yan shekara 7 zuwa 10, a wata makarantar firamare. Dukkansu likita ya duba su ya tabbatar suna da ADHD, larurar nan ta rashin natsuwa, yawan motsi da aikata abu kafin a yi tunani. Ba a sassauta wannan sharaɗi ba, duk da cewa malamai sun kawo sunaye da yawa, domin ba kowane mai ƙiriniya ne ke da larurar ba. Ƙa'idar littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ita ce alamomin su fara kafin shekara 12, su ɗauki aƙalla wata shida, a gan su a wuri biyu ko fiye kamar gida da makaranta, kuma su riƙa jawo wa yaron cikas na gaske. Yaron da kunnensa bai ji sosai, ko ba ya hango allo, ko ya fito da yunwa, shi ma zai yi ta mutsu-mutsu a kan benci, kuma gudu ba zai magance masa ko ɗaya ba. A duniya ana ƙiyasta larurar tana shafar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na yara.

An tambayi iyayen kowane yaro game da asma, sikila, farfaɗiya, ciwon zuciya, suma a lokacin gudu, da mutuwar fuju'a ta mai ƙananan shekaru a dangi. Akwai mai asma ɗaya da mai sikila ɗaya, kuma likitocinsu sun amince su shiga bisa sharuɗɗa. Uku suna shan methylphenidate, wani maganin ADHD. Ba za a taɓa maganin kowa ba, kuma an faɗa wa iyaye ƙarara cewa shirin ƙari ne a kan abin da likita ya tsara.

Wannan makon babu motsa jiki, na awon farko ne. Mai lura zai zauna a bayan aji na minti 15 a darasin lissafi, duk bayan sakan 30 ya ɗaga kai ya kalli yaron sau ɗaya ya sa alama: yana kan aikinsa ko ya bar shi. Alama 30 ke nan a zama ɗaya. Malamin aji da iyaye za su cike tambayoyi 18 na farko na takardar Vanderbilt, wadda ake auna alamomin ADHD da ita.

Juma'a, 17 ga Janairu

An kammala tsari, kuma a kan bincike biyu aka gina shi. Na farko na Matthew Pontifex da abokan aikinsa ne, wanda ya fito a 2013: yara 20 masu ADHD da 20 marasa ita, 'yan shekara 8 zuwa 10, sun yi minti 20 a kan injin tafiya a wata rana, a wata ranar kuma suka zauna suna karatu na minti 20. Bayan motsa jikin sun fi yin daidai a gwajin tattara hankali, sun kuma fi kyau a karatu da lissafi. Na biyu na Betsy Hoza ta Jami'ar Vermont ne, a 2015: yara 202 na ƙananan azuzuwa, minti 31 kafin shiga aji kowace ranar makaranta har mako 12, aka kwatanta su da masu zaman zane-zane. Iyaye sun ba da rahoton raguwar shagala da saurin fushi a gida a wajen waɗanda suka motsa jiki.

Namu zai kasance daga 7:10 zuwa 7:40, Litinin zuwa Juma'a: minti 5 na ɗumama jiki, minti 20 na aiki, minti 5 na saukowa. Wannan rabi ne kawai na minti 60 a rana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 ga masu shekara 5 zuwa 17. Sauran rabin na lokacin tara ne da na gida.

Ƙarfin da ake nema matsakaici ne, kashi 65 zuwa 75 cikin 100 na ƙololuwar bugun zuciya, kamar yadda aka yi a binciken Pontifex. Lissafin nan na cire shekaru daga 220 don gano ƙololuwar bugun ba ya dacewa da yara sosai. An ɗauki 208 a cire shekaru sau 0.7, wanda ke ba da kusan 202 ga ɗan shekara 9. Ke nan ana son bugu 131 zuwa 151 a minti, ko 33 zuwa 38 a sakan 15. Ana ƙirgawa a jijiyar wuyan hannu da yatsu biyu, ba da babban yatsa ba domin shi ma yana da nasa bugun, kuma da zarar yaro ya tsaya, saboda zuciyar yara tana saurin komawa daidai. Inda ba a samu damar ƙirge ba, a sa yaron magana: in yana iya amsawa a gajarce amma ba zai iya rera waƙa ba, an samu abin da ake so.

Kayan aiki: igiyar tsalle 4, ƙwallo 4, robar ruwa 16 cike da yashi a matsayin alamar fili, toka ta shata layi, usur ɗaya, agogo ɗaya, jarkar ruwan sha da kofuna. Manya biyu a fili kullum.

Talata, 21 ga Janairu

Kwana biyu da farawa, kuskuren farko ya fito fili, kuma na tsari ne. An yi gudun ba da sanda, layi biyu na yara shida-shida. A irin wannan wasa mutum ɗaya ne ke gudu, biyar suna tsaye suna jira, wato kowane yaro yana motsi ne kashi ɗaya cikin shida na lokacin. Jiran layi kuwa yana cikin ainihin abubuwan da larurar ta hana su iyawa. Kafin sanda ta zagayo, an ture juna, an kwashe robobin alama, ɗaya ya haye bishiyar darbejiya. Bugun zuciyar da aka ƙirga bai ko kusanci 131 ba.

An soke duk wasan da ke da layi, da duk wanda ake fitar da wanda ya faɗi, domin mai ADHD shi ne yakan fara fita, sai ya zama wanda ya fi bukatar motsin shi ne a zaune. An raba filin, mai taku 20 a tsaye da 15 a kwance, zuwa tasha huɗu, yara uku a kowace, kowa da kayansa a hannu. Minti 2 a tasha, sakan 30 na canji, zagaye biyu, minti 20 cif.

Litinin, 27 ga Janairu

Hazo ya sauko sosai tun Asabar. Iskar hunturu mai sanyi da bushewa da ƙura tana tayar da asma, musamman idan ana haki ta baki. Mai asma ya fara tari a minti na takwas, aka tsayar da shi ya shaƙi maganinsa. Daga yau maganin shaƙar yana aljihun mai horarwa, ba a jakar yaron a aji ba. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a ganin katangar can ƙarshen fili da kyau, za a koma babban ɗakin taro, a yayyafa ruwa a share tun kafin yara su iso. An ƙara ɗumama jiki zuwa minti 7 a kwanakin sanyi.

Ga mai sikila, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala mai tsanani duk suna iya tayar da ciwo. Yana zuwa da rigar sanyi, yana shan kofi ɗaya kafin farawa da wani a tsakiya, kuma an ba shi damar zama a kowane canji ba tare da neman izini ba. Ba a ƙirga masa bugu don a kai shi wani adadi.

An hana silifa. Ko kambas, ko sandal mai maɗauri. 'Yan mata suna zuwa da gajeren hijabi da wando, bayan dogon ya harɗe ƙafar ɗaya a tsallen igiya.

Alhamis, 30 ga Janairu

Jiya an bar yaran su buga ƙwallo ta gasa a minti goman ƙarshe, aka ci minti biyar na saukowa da ita, aka tashi ana kaɗa ƙararrawa. Sun shiga aji jikinsu na rawa kamar mazari, ana gardamar wa ya ci wa, har biyu suka ba hammata iska a bakin ƙofa. Takardar mai lura ta ranar ta fi ta makon awon farko muni.

Wannan ya taɓo fahimtar da ta fi yawa a wurin iyaye da malamai, wadda sai an yi ta gyarawa: wai a bar shi ya yi ta gudu har ya gaji, sai ya zauna. Gajiya daban, natsuwa daban. Yaron da aka galabaitar zai iya kifa kai a kan tebur, amma ba ya ɗaukar karatu, kuma sau da yawa fushinsa ya fi kusa. Abin da ake nema shi ne a farkar da ƙwaƙwalwa daidai gwargwado. Motsa jiki yana ƙara sinadaran dopamine da noradrenaline, waɗanda sashen gaba na ƙwaƙwalwa ke aiki da su wajen riƙe hankali da taka wa kai birki, kuma su ne methylphenidate ke hana a janye da wuri. Mafi yawan hujjar kai tsaye a kan sinadaran daga gwajin dabbobi ta fito, kuma tasirin gudu bai kai na magani ƙarfi ko daɗewa ba.

Yanzu minti biyar na ƙarshe ba a taɓa su ko me ya faru. Tsarinsu ɗaya ne kullum: tafiya a hankali zagaye biyu, miƙe ƙafafu da kafaɗu, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana ƙirga goma a kowane ɓangare, sannan zama a ƙasa, hannu a kan ciki, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi ana ƙirga shida, sau shida. A sha ruwa, a wanke fuska, a tafi aji tare da mai horarwa. Ƙwallon gasa ta koma ranar Juma'a bayan an tashi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gudu zalla ya fara gundurar su tun mako na biyu, wanda ba abin mamaki ba ne ga yaran da sabon abu ke ja. An sauya abin da ke cikin tashoshin, aka bar jerinsu da lokacinsu yadda suke, domin sabo da tsari yana rage gardama.

Wasannin da suka fi amfani su ne masu tilasta wa yaro ya tsaya alhali jikinsa na son ci gaba. Tsaya-tafi shi ne kan gaba: usur ɗaya gudu, usur biyu a daskare. Bayan minti ɗaya sai a juya dokar, ɗaya ya zama tsayawa, biyu ya zama gudu. A nan ake ganin larurar da ido. Yaro zai ji usur, ƙafarsa ta riga ta tashi bisa tsohuwar doka, sai ka ga ya yi turjiya, ya dafe iska da hannu biyu, ya dawo da ƙafar yana dariya. Wannan ɗan birkin da ya taka shi ne abin da ake horarwa. Wanda ya kuskure ba ya fita, tsalle uku zai yi a inda yake ya ci gaba.

'Yar gala-gala ta shiga tasha ta biyu, gida uku da aka shata da toka domin kada a jira. Tana haɗa saiti, tsalle da ƙafa ɗaya, da tuna gidan da ba a takawa. Langa ta shiga ta uku, amma an cire ture: yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya ya yi ɗingishi taku takwas zuwa roba, ya canza ƙafa ya dawo. Langa ta ainihi mai bangaza an gwada ta sau ɗaya, ta ƙare da kuka. Ta huɗu jifa da cafe ƙwallo ne a jikin bango, ana ƙirge da biyu-biyu da babbar murya.

Wani abu ya bayyana a tashar igiya. Yara huɗu ba sa iya haɗa juyin hannu da tsalle ko sau uku a jere, kuma su ne suka fara cewa ba sa so. Matsalar daidaita gaɓoɓi tana yawan tafiya tare da ADHD, wasu bincike sun kai ta kusan rabin yaran. Irin waɗannan ana yi musu kallon malalata ko masu taurin kai a filin wasa, alhali kunyar faɗuwa a gaban tsara ce. An sauke musu matakin: igiya a shimfiɗe a ƙasa suna tsallaka ta gaba da baya, sai riƙe ta a hannu ɗaya ana juyawa a gefe ana tsalle, sannan cikakken tsalle. An rubuta wa iyayensu su ambata wa likita.

Umarni kuma an taƙaita shi. Mai horarwa ya kira sunan yaro, ya bari su haɗa ido, ya faɗi abu ɗaya da kalmomi kaɗan, ya nuna da jikinsa. Bayanin da ya wuce sakan 15 ya ɓace. Yabo nan take ake yinsa, a kuma faɗi abin da aka yaba: "Madalla, ka tsaya cak da usur." Ana ba da marfin kwalba ɗaya a take, mai marfi biyar shi zai busa usur gobe. Alkawarin kyauta a ƙarshen zango ba ya aiki a kansu, ya yi nisa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Takardun lura suna nuna abu ɗaya a kai a kai: darasin farko ya fi kyau, zuwa na uku an koma gidan jiya. Haka ya kamata a zata, domin amfanin zama ɗaya gajere ne. Matsalar ita ce dogon asembili da kiran suna suna cinye mafi kyawun lokacin. Hedimasta ya amince lissafi da karatu su koma darasi na farko da na biyu a azuzuwan da abin ya shafa.

An ƙara hutun motsi na minti 3 ga ajin gaba ɗaya a tsakanin darussa, kowa a gefen bencinsa: tafiya a wuri ɗaya, durƙuso da miƙewa sau goma, numfashi uku. Da yake kowa ke yi, ba a ware kowa ba. An kuma ba yaran shirin aikin da ke sa su tashi da izini, kamar goge allo da raba littattafai.

An yi zama da malamai a kan horo. An samu ana hana wasu daga cikin yaran fita tara saboda ba su gama aiki ba, ana kuma sa wasu tsallen kwaɗo. Na farko yana cire abin da ke taimakon yaron a daidai lokacin da ya fi bukata. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya tun 2013 cewa kada a hana yaro hutun wasa a matsayin horo. Na biyu kuwa yana koya masa cewa motsa jiki azaba ne, sai ya zo fili da safe yana noƙewa. An amince a daina duka biyun, ko da yake ba kowane malami ne ya gamsu ba.

Masu shan magani: methylphenidate yana rage cin abinci, yana kuma ɗan ɗaga bugun zuciya, don haka adadinsu yakan ɗara na saura kaɗan. Ɗaya ya yi jiri ranar Litinin, aka gano ya sha magani bai karya ba. Koko da ƙosai ko shayi da burodi kafin magani, wannan ya zama sharaɗin shiga fili ga kowa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Akwai rauni a awon da ya kamata a rubuta. Malaman da ke cike Vanderbilt sun san waɗanda ke cikin shirin, kuma suna son ya yi nasara, don haka rahotonsu zai karkata ko ba su yi niyya ba. Wannan rauni ne da ya addabi yawancin binciken fannin, tare da ƙarancin yaran da ake gwadawa. Sauya jadawalin darussa da daina tsallen kwaɗo su ma sun shigo a tsakiya, ba za a iya raba tasirinsu da na gudu ba.

Gyaran da aka yi: a sauran kwanakin, za a jefa kwabo kowace safiya. Gefe ɗaya motsa jiki, ɗaya gefen zaman zane na minti 30 tare da manyan nan biyu. Mai lura zai iso bayan an shiga aji ba tare da ya san wanne aka yi ba, kuma kowa zai wanke fuska a duka ranakun don kada gumi ya tona asiri. Yaran ba su ji daɗin ranakun zane ba, sai da aka yi musu alkawarin wasan bayan tashi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gobe za a tafi hutun azumi, ke nan mako shida aka samu a fili, rabin na Hoza. Ranakun kwabo shida ne kacal, ba su isa a yanke hukunci ba. Abin da za a iya faɗa shi ne wasu yaran suna nuna bambanci a darasin farko, wasu kuma takardunsu ba su motsa ba, ciki har da yarinyar da larurarta ta shagala ce zalla, ba ta yawan motsi. Ba a ga wanda ya ƙara lalacewa ba tun da aka gyara saukowa.

An ba iyaye tsarin gida a takarda ɗaya. Wanda ba ya azumi: minti 20 da sassafe kafin rana ta yi zafi, keke ko igiya ko 'yar gala-gala a tsakar gida, sannan a zaunar da shi karatu na minti 15 nan take. Wanda ke gwada azumi: babu gudu da rana, sai tafiya mai sauƙi dab da magariba, wasa mai ƙarfi kuma kamar awa ɗaya bayan buɗa baki, a gama shi da sauran lokaci kafin kwanciya. Masu shan magani su koma wa likita kafin su canza lokacin sha. Mai sikila kada ya yi azumi sai da izinin likitansa.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya fara ranar Asabar, 1 ga wata. An kira gidaje 12, an samu 10. Inda tsarin ya tsaya da ƙafarsa, akwai wani yaya ko ƙanin uba da ke yi tare da yaron. Inda aka ce masa je ka yi tsallenka, bai wuce kwana uku ba.

Babbar matsalar yanzu barci ce. 'Yan shekara 6 zuwa 12 suna bukatar awa 9 zuwa 12, amma tsakanin tarawihi, hira da tashin sahur wasu ba sa samun bakwai, kuma ƙarancin barci yana ƙara shagala da saurin fushi fiye da abin da minti 20 na tsalle zai gyara. An ba da shawarar komawa barci bayan asuba ko ƙailula ta awa ɗaya. Tashe ma ya ƙarato. Yawo ne mai kyau ga ƙafa, amma a sa masa lokacin dawowa, kuma babba ya bi su, domin mai ADHD yakan yi kasada wajen tsallaka titi.

Kafin a koma makaranta: a sake awon farko na mako guda, domin hutu ya share na Janairu, a matso da farawa zuwa 7:00 saboda zafin Afrilu, a ƙara jarkar ruwa ta biyu, a nemo mai lura na biyu domin a gwada ko alamominsu suna zuwa ɗaya a kan yaro guda. Igiya biyu sun tsinke, roba biyar sun fashe.